Aikin ƙaba: na yanka, na raga ko na kyamara, wanne ya kamata mutum ya zaɓa?

Tun da aka yi min aikin ƙaba shekara biyu da suka wuce, duk wanda ya ji ɗan kumburi a matsematsinsa a unguwarmu sai ya jawo ni gefe bayan sallar isha'i, murya ƙasa-ƙasa, wai ya aka yi maka, akwai zafi, kwana nawa ka yi a kwance, kuma da gaske ne in aka yi wa mutum shikenan maganar iyali ta ƙare? To gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. A danginmu mu uku aka yi wa aikin nan kuma kowa da irin nasa, ni aka yanka aka sa min raga, wato facin roba a ciki, yayana da ke aiki a Abuja aka yi masa na kyamara, shi kuma kawunmu na ƙauye sai da abin ya shaƙe masa cikin dare aka kwaso shi a mota ranga-ranga. Dan haka na ga ukun da idona, ba labari aka ba ni ba.

Ita ƙaba ba wani ƙari ba ne da ya tsiro, rami ne. Bangon ciki ne ya yi rauni a wani waje sai hanji ko kitsen ciki ya riƙa leƙowa ta wurin, shi ya sa in ka tsaya ko ka yi tari ko ka ɗaga buhu sai ta fito, in ka kwanta ta koma, wani lokaci har da ƙugi. In ta daɗe sai ta gangara cikin maraina, a nan ne mutane ke cewa gwaiwa. Amma fa ba kowace gwaiwa ce ƙaba ba, akwai wadda ruwa ne kawai ya taru a jakar maraina, ita ba ta komawa in ka kwanta, kuma wani lokaci cutar nan ta tundurmi da sauro ke yaɗawa ce ke kawo ta, aikinta daban ne, likita ne zai taɓa ya bambance. Kuma dan Allah a daina jin kunya, lissafin likitoci ya nuna cikin maza 100 kusan 27 za su yi ƙabar matsematsi a rayuwarsu, mata kuma wajen 3, ana yin aikin nan sama da sau miliyan 20 duk shekara a duniya. Tunda rami ne, babu saiwa ko jiƙo ko ƙwayar kemis da za ta ɗinke shi, bel ɗin da ake ɗaurawa ma tarewa kawai yake yi, ranar da ka cire tana nan.

Zaɓi na farko da kowa ke fara yi shi ne a ƙyale ta tukuna. Kuma in faɗi gaskiya ba kullum ba ne hakan ya zama ganganci. An yi wani bincike a Amurka da Kanada da aka fitar a 2006, maza 720 masu ƙaramar ƙaba da ba ta damunsu, aka raba su biyu, wasu aka yi musu aiki wasu aka ce su jira a riƙa dubawa, sai aka ga masu shaƙewa ba su da yawa, ƙasa da mutum 2 cikin 1000 a shekara. Amma da aka ci gaba da bin masu jiran har shekara 10, kusan kashi 68 cikin ɗari sun dawo da ƙafarsu an yi musu aikin, yawanci saboda ciwo ya ishe su. Kaga jiran bai hana aikin ba, ɗaga shi kawai ya yi. Sannan waɗancan mutane ne da ke kusa da asibiti, tasu ƙabar ƙarama ce, ba dako suke yi ba, ba huɗa suke yi da garma ba. Kai da ke ƙauyen da in damina ta sauka mota ba ta shiga, lissafinka daban ne da nasu.

Abin da ya samu kawu kenan. Shekara da shekaru yana tura abarsa da hannu tana komawa, ranar nan da yamma ta fito ta ƙi komawa, ta yi tauri, ciwo kamar ana murɗa masa hanji, ga amai, ba bahaya ba tusa. Aka tsaya ana ba shi jiƙe-jiƙe har tsakar dare. In hanji ya shaƙe a ramin jini ba ya isa gare shi, cikin 'yan awanni, wajen shida ma, yana iya fara mutuwa. Sai da aka yanke masa wani yanki na hanji, aka yi ƙarin jini, ya yi sama da kwana goma a gado, kuma kuɗin da aka kashe ya ninka abin da na kashe sau da yawa, an sayar da tumaki an ci bashi. Ba a ma sa masa raga ba dan wurin ya riga ya gurɓata, likita ya ce in aka sa za ta iya ruɓewa. Wlh duk wanda ya ga alamun nan, kumburin da ya ƙi komawa da ciwo da amai, kar ya jira gari ya waye, kar kuma a tsaya ana dannawa da ƙarfi.

To in an yanke shawarar yi, akwai hanya uku. Ta farko ita ce ta tun da, a yanka matsematsi a mayar da hanji a jawo naman jikinka a ɗinke ramin da zare ba tare da an ƙara komai ba. Wani likitan Italiya mai suna Bassini ne ya kawo ta tun wajen 1887, kuma har yau ita ake yi a asibitoci da yawa na ƙananan hukumomi saboda zare kawai take buƙata. Matsalarta ita ce jan da ake yi wa naman, kamar a ce riga ta yage ka kamo baki da baki ka ɗinke da ƙarfi, kana sunkuyawa sai ta sake ɓarkewa a gefen ɗinkin, shi ya sa ta fi saurin dawowa kuma kwanakin farko mutum tafiya yake a duƙe. Akwai wadda aka inganta, ta Shouldice, daga wani asibiti a Kanada da aka kafa a 1945 wanda ba abin da suke yi sai ƙaba, su ɗinki hawa huɗu suke yi kuma a hannunsu dawowar ba ta wuce kusan 1 cikin 100 ba, amma hannunsu ne fa, aiki ne mai wuyar koyo, ba kowane likita ba ne zai samu irin sakamakonsu. Akwai kuma ta wani likitan Indiya, Desarda, da ke yanko ɗan zirin tantanin jikin mutum ya yi faci da shi maimakon raga.

Ta biyu ita ce wadda aka yi min, yanka da raga, likitoci suna ce mata Lichtenstein, sunan likitan Amurka da ya yaɗa ta a shekarun 1980. Yankan bai fi tsawon yatsa ba ko ya ɗan ɗara, sai a shimfiɗa wata 'yar raga ta roba a kan ramin a kama ta da zare, ba a jan komai, faci ne kawai, da tafiya ta yi tafiya sai naman jikinka ya tsiro ya shiga cikin ƙofofin ragar su zama abu ɗaya. Ba a cire ta, da ita za ka ƙare rayuwa, kuma ba ka jin ta. Bincike da yawa sun nuna tana rage dawowar ƙaba da rabi ko fiye idan aka kwatanta da ɗinkin zare zalla, shi ya sa ƙa'idojin da ƙungiyoyin likitocin ƙaba na duniya suka haɗu suka fitar a 2018 suka ce ga babban mutum raga ita ce gaba, in kuma babu ita ko mutum ya ƙi, a yi Shouldice. Abin da ya fi burge ni da ita shi ne ba dole sai an sa ka barci ba, ana iya yi da allurar baya da ke kashe daga cibiya zuwa ƙasa, ko ma allurar kashe wurin kaɗai, kana farke kana jin hirarsu. Ga dattijo mai hawan jini ko ciwon zuciya wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma ko nefa ta ɗauke wuta aka koma janareta ko fitila aikin ba zai tsaya ba.

Ragar a nan sau da yawa kai za a rubuta wa ka je ka sayo, kuma tana da tsada tunda daga waje take zuwa, wannan ne ke sa wasu su ce a yi musu na zare kawai. Akwai labarin da nake so mutane su sani amma su fahimce shi daidai. Likitoci a karkarar Indiya sun daɗe suna amfani da wani irin yadin gidan sauro da aka dafa a na'urar kashe ƙwayoyin cuta a maimakon raga, har aka gwada shi sosai a Yuganda aka fitar da sakamako a 2016, maza 302, rabi aka sa musu ragar kamfani mai kusan dala 125, rabi aka sa musu wadda kuɗinta bai kai dala 1 ba, bayan shekara guda mutum ɗaya tak ƙaba ta dawo wa a masu arahar, a ɗaya ɓangaren babu ko ɗaya. Wato kusan kunnen doki. Amma ba gidan sauron da ake rabawa a asibiti ba ne, wancan an jiƙa shi da maganin kashe sauro, guba ne a cikin jiki, kar wani ya ji wannan ya ce a yanko na ɗakinsa. Abin da nake nufi kawai, ka tambayi likita ko akwai raga mai sauƙin kuɗi da ya yarda da ita kafin ka haƙura da raga gaba ɗaya.

Ta uku ita ce ta kyamara, laparoskofi, wadda aka fara a farkon shekarun 1990. Ita huji uku ake yi ƙanana, ɗaya a cibiya biyu a ƙasa ko a gefe, a hura iska a ciki dan a samu fili, a zura kyamara likita yana kallon talabijin yana aiki da dogayen ƙarafa, sai ya shimfiɗa raga ta ciki, wato ta bayan bangon. A lura, ita ma da raga ake yi, har ma ta fi faɗi, dan wasu suna zaton in sun zaɓi kyamara sun tsira daga raga. Yayana da aka yi masa, gaskiya na ga bambanci, kwana uku yana yawo a tsakar gida, sati ɗaya ya koma ofis, abin da ya dame shi kawai ciwon kafaɗa na kwana biyu wanda iskar da aka hura ce ke kawo shi. Zafin farko ya fi sauƙi, ciwon ya fi wuyar yin ruwa, kuma daɗaɗɗen ciwon matsematsi da wasu ke fama da shi bayan aiki ya fi ƙaranci. Amma dole a sa ka barci gaba ɗaya da bututu a maƙogwaro, dole na'ura, dole wuta tsayayya, kuɗin ya ninka, kuma sai manyan asibitocin koyarwa da wasu masu zaman kansu a manyan birane.

Babban abin da mutane ba sa tambaya shi ne hannun wa. A 2004 an fitar da wani babban bincike daga asibitocin tsofaffin sojoji na Amurka, maza kusan 2000, bayan shekara biyu ƙaba ta dawo wa kashi 10 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa na kyamara, na yanka da raga kuma kusan kashi 5. Da aka duba sai aka ga likitocin da suka yi na kyamarar sama da sau 250 nasu sakamakon ya yi kusan daidai da na yanka, sababbin hannu ne suka ja lissafin. Aikin kyamara yana da wuyar koyo kuma in aka yi kuskure a ciki ne, kusa da mafitsara da hanji da manyan jijiyoyin jini. Dan haka ni a ganina likitan babban asibitin gari da ke yin na yanka uku huɗu duk sati ya fi min wanda ya sayo sabuwar na'ura bara yana yin ɗaya a wata. Ba rashin kunya ba ne ka ce likita, dan Allah kamar guda nawa kake yi irin wannan, likitan kirki ba zai ji haushi ba.

Akwai dai waɗanda kyamarar ta fi dacewa da su in da hali. Wanda ƙabarsa ta fito ta gefe biyu, dan ta huji ukun nan za a gyara duka a zama ɗaya maimakon yanka biyu. Wanda aka taɓa yi wa na yanka ta dawo, dan ta gaba wurin duk tabo ne, gara a biyo ta baya inda ba a taɓa ba, haka ma in na kyamara ne ya dawo sai a yi na yanka. Sai kuma mata, kuma a nan ina so a saurara, mata sun fi yin wata irin ƙaba da ke fitowa can ƙasa a saman cinya, ƙarama ce ba ta cika girma ba amma ramin nata matsattse ne, ta fi kowacce saurin shaƙe hanji, kuma da kyamara an fi ganinta. Mace in ta ji ɗan ƙullutu a wurin nan babu maganar jira, ko da ba ya ciwo. Shi kuma mai ƙatuwar gwaiwa da ta sauka har kusan gwiwa, ko wanda aka taɓa yi wa babban aiki a mara, ko wanda jikinsa ba zai ɗauki barci ba, yanka ne nasa. Yara ƙanana kuwa ba su cikin wannan lissafin kwata-kwata, su ba a sa musu raga, jakar kawai ake ɗaurewa, cibin yara kuma yawanci da kansa yake rufewa kafin shekara 4 zuwa 5, ɗaura kwabo a kai ba ya ƙara komai sai ƙuraje.

Maganar jinya, bari in faɗi tawa yadda take. Da allurar baya aka yi min da safe, ƙafafuna ba su dawo ba sai wajen la'asar, fitsarin farko ya ba ni wuya sosai kuma nas ta ce ba za a sallame ni ba sai na yi, dan yana faruwa fitsari ya riƙe bayan allurar baya ko ta barci, musamman ga dattijai. Washegari na koma gida. Kwana uku na farko su ne masu zafi, tashi daga kwance da tari da atishawa, sai na koyi dafe wurin da matashi kafin in yi tari. Maraina suka kumbura suka yi baƙi-baƙi, hankalina ya tashi na koma asibiti, aka ce jini ne ya gangaro zai baje da kansa, kuma ya baje, ɗan kamfai mai kama jiki ya taimaka ƙwarai. A ƙarƙashin ɗinkin akwai wani tauri kamar an sa fensir, ya yi wata biyu zuwa uku kafin ya saki, da yawa suna zaton ƙabar ce ta dawo alhali warkewa ce. Farasitamol da ibuprofen suka ishe ni, shi ibuprofen ɗin mai olsa ko ciwon ƙoda ya faɗa wa likita tukuna, kuma in an ba ka tiramadol kar ka wuce kwanakin da aka rubuta, banda haɗarin sabo yana ɗaure ciki, taurin bahaya kuwa shi ne babban abokin gabar sabon ɗinki. Sha ruwa da yawa, ga zogale ga gwanda ga miyar kuɓewa, kar a hana mutum nama da ƙwai da wake wai suna sa ciwo ya yi ruwa, su ne ma ke gina wurin. Kar a gasa ciwon da ruwan zafi, kar a barbaɗa masa komai. In masai na tsugunno ne a samu kujera mai huji na sati ɗaya ko biyu. Sallah a zaune na yi kusan sati, addini ya ba da wannan sauƙin, daga baya ruku'u da sujada suka dawo a hankali.

Kwanciya ba ita ce jinya ba, tun ranar farko ake so ka tashi ka taka dan jini ya zaga. Ƙa'idojin 2018 ɗin nan ma cewa suka yi mutum ya koma harkokinsa na yau da kullum da zarar ya ji zai iya, yawanci cikin kwana 3 zuwa 5, amma wannan harkar zama ce da tafiya, ɗaukar buhun masara ko jan ruwa a rijiya ko faskare likitoci da yawa suna cewa a ba shi sati 4 zuwa 6, kuma wanda aka yi wa na zare zalla shi ya fi kowa buƙatar kiyaye wannan. Tuƙi sai ranar da za ka iya taka birki da ƙarfi ba tare da ka ji tsoron ciwo ba, sati ɗaya zuwa biyu, ɗan acaɓa da ke buga kik yana faɗawa ramuka ya ƙara haƙuri a kan haka. A nan ne fa ribar kyamara take raguwa ga mai aikin ƙarfi, ma'aikacin ofis ya ci ribar 'yan kwanaki, amma manomi ko ɗan dako ko ta wace hanya aka bi sai ya ɗan jira. In ka ga zazzaɓi, ko wurin ya yi ja yana fitar da mugunya, ko kumburi yana ƙaruwa da sauri, ko amai, a koma asibiti ranar.

Abu ɗaya da ba a faɗa min ba kafin aiki kuma ya kamata a riƙa faɗa, kusan mutum 1 cikin 10 yana ci gaba da jin wani ciwo ko tsikari a matsematsi bayan wata uku, saboda ƙananan jijiyoyin da ke wurin, mafi yawa mai sauƙi ne yana raguwa, kaɗan ne nasu ke hana su aiki. Ni har yau akwai ɗan waje a saman cinyata da ban cika jin taɓi ba, bai hana ni komai ba. Tambayar da ake min a ɓoye kuwa, aikin ba ya taɓa ƙarfin namiji, jijiyoyin wannan ba ta nan suke bi ba, in ciwo ya lafa bayan sati biyu ko makamancin haka mutum ya koma ga iyalinsa. Igiyar maniyyi da jijiyar jinin ɗan maraina suna bi ta wurin da ake aikin, gaskiya ne, kuma akan samu rauni a kansu amma ba kasafai ba, ya fi faruwa a ƙabar da ta daɗe ta yi girma ta manne ko wadda ake maimaita aiki a kanta. Bayan aikina an haifa min 'ya mace.

Kafin a sa rana a gyara abin da ke tura ƙabar, mai tarin da ya wuce sati biyu a gwada shi ko tarin fuka ne, dattijon da ke yunƙuri kafin fitsari ya fito a duba masa furostet, wato ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, mai shan sigari ya ajiye ko da sati huɗu ne kafin aiki, mai ciwon suga a daidaita shi, in ba haka ba ko wace irin raga aka sa ana dukan ta daga ciki. Wanda ke da inshorar lafiya ta tarayya ko ta jiha ya tambaya a teburinsu tun kafin ya biya, ya kuma tambaya ko kuɗin ragar yana ciki. Manomi kuma ni shawarata ya sa ranarsa bayan an gama kaka, amfani ya shigo gida akwai ɗan kuɗi a hannu, sanyi ne ciwo ba ya shan gumi, hanya a bushe take in ana buƙatar komawa asibiti, kuma kafin ruwan farko ya sauka sati shidan nan sun daɗe da cika, sai ya ɗauki fartanyarsa.